Kafin In Ce Amma

Zuwa ga Maman Yara,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jikin Inna, yaya yara da makaranta? Ni ƙalau nake, sai kewarku. Kin ce a waya ba na barin ki sa baki, to ga takarda, in na ishe ki sai ki ninke ni.

Ashe abin da kuke kira taurin kai a gida, a sashen falsafa da nazarin addinai maki ake ba mutum a kansa. Dakta, malamin da ke koya mana hujjojin samuwar Mahalicci, yana da ƙa'ida: ba ka rushe maganar abokin gardama sai ka fara gina ta yadda shi kansa zai yarda. Ni ya ba aikin wannan makon. Na tsaya gaban aji na jero hujjar masu shakka tiryan-tiryan. Sannan na ce amma, na bi ta na warware tas. Da kin ga mijinki! Wani a layin baya ya ɗaga waya yana ɗaukata, ni kuwa har da gyara wuyan riga.

Ki gaida kowa.

Naki,
Sarkin Gardama

Maman Yara,

Ina fatan kuna lafiya ke da Inna da yara. In kin kira kin ji wayata a kashe, ni na kashe ta, zagi ya yi yawa.

Bidiyon nan ya bazu, kuma an yanke shi daidai inda na ja numfashi zan ce amma. Duk wanda ya kalla, mutum zai gani yana murmushi yana musun Wanda ya halicce shi. Abokin ɗakina ya naɗe katifarsa ya fice ko sallama babu. Mai shagon bakin ƙofa, da kullum yake tsokanata da dattijon ɗalibi, jiya ya dangwarar min da sabulu ya juya baya.

Na tari wasu 'yan ajinmu a ɗakin karatu, na roƙe su su faɗi abin da suka gani. Suka ce in ban yarda da hujjar ba, yaya aka yi ta zauna a bakina haka? Wannan ne ya fi ƙona min rai. Laifina dai na yi aikin da kyau. Dakta ya ce in yi haƙuri zai wuce, yana faɗa yana leƙen taga.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ki sa ni a addu'a.

Naki har kullum,
Baban Yara

Maman Yara,

Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya. Ku ci gaba da zama lafiya, shi ne duk abin da nake roƙo yanzu.

Dakta ya gaya wa kwamitin binciken da makaranta ta kafa a kaina bai tuna ya ba ni wannan aiki ba, ya ɗauki hutun rashin lafiya. Ban zarge shi sosai ba, shi ma yana da 'ya'ya. Ɗazu da rana na dawo na tarar da wasu baƙin fuskoki zaune a matakalar bene, ba littafi ba jaka. Sai da na wuce ɗaya ya ambaci lambar ɗakina a hankali.

Ga abin da ya sa na rubuto. A ƙarƙashin bidiyon yanzu an sa sunan layinmu da makarantar yara. Ki kwashe su da Inna ku tafi gidan yayanki yau, kada ki tsaya haɗa kaya. Ki gaya wa Inna da bakinki, kafin ta ji a waje, ɗanta yana nan kan abin da ta raine shi a kai. Kada ki tsaya yi wa kowa bayani a hanya, na gwada.

Zan bar nan kafin yamma. Ban rubuta inda za ni ba, don in sun tare ki sun ce ki rantse ba ki sani ba, ki rantse a kan gaskiya.

Mijinki