Tafiyarki a Hanyar Cadawa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji.

Jiya jikata ta tambaye ni wa ya koya mini tafiya, wai duk tsufana ba na ranƙwafawa. Na buɗe baki in amsa, sai hawaye.

Kin tuna yadda na fi sa'o'ina tsawo a Gangara? Suna ce mini zalɓe, ni kuwa sai in takure, ido a ƙasa. Kika ɗora mini ƙwaryar nono babu gammo, kika sa ni zagaya tsakar gida. "Buɗe kafaɗa. Dubi inda za ki, ƙafa ta san aikinta." Nonon da na zubar ba shi da iyaka, ba ki taɓa yi mini faɗa ba.

Sai fari ya zo. Shanunmu suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, muka koma cin dussa da 'ya'yan anza.

Ranar da aka ce mota ta kawo jar dawar agaji garin Cadawa, kika wanke zanenki, kika sa kwalli, muka tafi. A layi na hangi matan da suka saba sayen nononki. Kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai. Kika ɗago haɓata da yatsa. "Yunwa a ciki take. Kada ki bari ta hau miki wuya."

Muka juyo, dawar a kanki, kina tafe a miƙe kamar mai dawowa daga biki. Ashe kin daɗe kina juye rabonki a kwanon ƙannena. Da muka kai gindin wani gawo gwiwarki ta saki. Kika sauke kayan a hankali, kika zauna.

Ni ce ɗiyarki ta fari, ba ki taɓa kiran sunana ba. Ran nan kika kira. "Hadiza, ɗauki. Wuce gaba, in ga tafiyarki."

Na ɗauka, Inna. Na miƙe wuya, ina kuka, na kai dawar gida. Ke kuwa a kan jaki Baffa ya ɗauko ki. Ba ki ga damina ba.

Ban samu na tambaye ki ba, ya Innata: tafiyar ta yi?

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke daga tafkin Alkausara. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hadiza
Gidan Rumji