Babur ɗin Sale

Kawo, Kaduna

Zuwa ga Yaya Garba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya zaman Ikko? Mu nan lafiya, sai dai rashin da muka yi.

Da hutu ya zo, muka kama hanyar Agadas a babura, ni da abokina Bala da Sale, ɗan Inna Hajara maƙwabciyarmu. Mun wuce Tanut, muna tsakiyar rairayi, zazzaɓi ya kwantar da Sale. Kafin mu sami mota Allah ya karɓi abinsa. Wasu Buzaye suka taya mu yi masa sutura, can muka binne shi.

Nawa babur ɗin ya lalace, sai na bar musu shi na hawo nasa. Ban yi tunani ba, Yaya. Ina shiga layinmu Inna ta gane ƙarar, ta fito da kwanon ruwa tana dariya, tana cewa, "Sale, sai yau?" Sai ta ga ni ne.

Ku sa shi a addu'a, ita ma ku sa ta. Ka gaida Kawu Ado. Babur ɗin yana zaurensu. In za a share, tura shi muke yi, ba mai tayar da shi.

Ƙaninka,
Lawal