Na Dubi Gabas, Inna

Da izinin shugabannin ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna wannan yanki, da na Malama Hadiza wadda ta koya mini rubutu bara ina da shekara hamsin da biyu, nake sanya wannan takarda a shafinmu.

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ni ne ɗanki Garba, direban tasi a garin Hyattsville, nan ƙasar Turawa. Wannan rubutun hannuna ne, ba wanda ya riƙe mini alƙalami.

Ina sanar da ke cewa a unguwarmu akwai Turawa masu bin diddigin hadarin hunturu, kuma sun ba ni muƙami. Sun damƙa mini farin katako da rula. Idan dusar ƙanƙara tana zuba, duk bayan awa shida sai in auna abin da ya taru a katakon, in share, in aika musu. Ba kowa ake ba wannan aiki ba.

Da Yaya Sani ya bugo waya ya ce jikinki ya yi tsanani, na yanki tikitin ranar Asabar. Ranar Laraba shugaban masu lura da yanayin, dattijo Mista Walter, ya shimfiɗa mini taswira ya ce, "Garba, hadari na tafe, ka tafi gobe. Asabar ba jirgin da zai tashi."

Inna, sai na fita waje na dubi gabas.

Ke kika koya mini. A Ringim kina shanya gero kina cewa, "In gabas ta yi fari, bar hatsinka a waje." Ban taɓa ganin kin yi kuskure ba. Gabas kuwa fes take. Na koma na shaida masa cewa ni ɗan manoma ne, na san sama tun kafin ya san taswira. Maƙwabciyata Rifkatu, nas ce 'yar Filato, ta ce, "Sarkin ƙanƙara, nan fa ba Ringim ba ne!" Na ƙyale ta.

Ta bayana hadarin ya zo, Inna, daga kudu maso yamma, inda ban duba ba. Ya fara ranar Juma'a. Aka rufe filin jirgi. Motata ta nutse a dusar ƙanƙara, sai madubinta ake gani. Alhaji Sabo na bene ya taya ni haƙa da shebur har hannuwanmu suka mutu, muka fito da ita, muka tarar babu titi.

Litinin da hantsi Yaya ya bugo ya ce sun dawo daga kai ki. Ya ce kin yi ta tambaya, "Garba ya taso?" Da na tashi Alhamis, da na kwana uku a gefenki.

Na ajiye wayar, lokacin awo ya yi. Na fita na auna, na share katakon. Ban san abin da zan yi da hannuwana ba in ba wannan ba.

Allah ya jiƙanki, Innata, ya sanyaya makwancinki, ya haskaka kabarinki. Abin da kika koya mini daidai ne. Ni ne na ɗauko shi na kawo inda ba ƙasarsa ba. Ki yafe mini.

Ɗanki mai biyayya,
Garba.

Shaidun cewa an gaya mini na ƙi ji: Mista Walter, Madam Rifkatu, Alhaji Sabo.