Ƙafar Agwagwa a Ƙwan Kaza

Zuwa ga Maman Mutuniyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da 'yarmu Mutuniyar, da Inna da Baba da duk mutanen gidan. Ya ƙarfin jiki, ya fama da rashin barci? Ni lafiyata ƙalau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Na rubuto ne in gaya miki abin da na gani da safiyar Talata. A waya ba zan iya ba, don da na fara magana sai ki ce "to", sai in ji kina jan hanci, sai in canza magana.

Ina cikin juya ƙwai a injin ƙyanƙyasa, gwiwar hannuna ta bugi farantin ƙasa, ƙwai ɗaya ya faɗo ya fashe a siminti. Ƙwan kaza ne mai kwana bakwai. Ni na ɗauko shi a akurki, ni na rubuta masa kwanan wata da fensir. Shekara shida ina wannan sana'a ban taɓa tsayawa kallon cikin fasasshen ƙwai ba, sharewa nake in zubar. Ranar dai na tsuguna. Ɗan abin bai kai gaɓar babban yatsana ba. Idonsa baƙi ƙato ya kusa cinye kan, jijiyoyi ja sun bazu a kan gwaiduwa kamar saiwa. Na sa tsinken ashana na ɗaga ƙafarsa a hasken ƙofa. Yatsun a haɗe suke, da tantani a tsakaninsu. Ƙafar agwagwa ce sak.

Kin san inda zuciyata ta tafi. Tun ranar da aka haifi Mutuniyar da yatsunta biyu na hannun hagu a haɗe, Gwaggonki take cewa agwagina ne, wai kin yi ta kallonsu ta taga kina da ciki, shi ne kamarsu ta kama yarinyar. Na yi gardama har muryata ta dushe. Ke kuwa kika ɗauki laifin kika ɗora wa kanki, kika sa mata safa a hannu, kika ce ba za ki iya dawowa gidan da kika cuci 'yarki ba. Yau wata biyu ke nan.

To ga shi na gani da idona. Ƙwan agwagi suna farantin sama, na kaji suna ƙasa, inji ɗaya. In zama kusa ya isa ya juya ƙafar ɗan tsako tun yana cikin ɓawo, me zan ce wa Gwaggo? Amma ki saurare ni da kyau. In laifi ne, nawa ne. Ke ba ki kawo agwagi gidan nan ba, ni na kawo su, ni na kafa musu shinge a gindin tagarki. Ranar Asabar zan rabu da su gaba ɗaya.

Na saka ɗan tsakon a kwalba, na zuba masa sifirit. Likitar dabbobi za ta zo ranar Alhamis yi wa 'yan tsaki rigakafi, dole in nuna mata, kada in bai wa mutane kaji masu ƙafar da ba tasu ba.

Ki gaishe da Inna da Baba. Ki shafa mini kan Mutuniyar.

Mijinki

*

Maman Mutuniyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma direban da ke mini jigilar 'yan tsaki ya miƙa miki waccan wasiƙar hannu da hannu. In kin karanta ta, ki yafe mini, na yi gaggawa. Ki zauna ki karanta wannan a tsanake, ko da Mutuniyar tana kuka a ba Inna ta riƙe.

Likita ta zo. Na miƙa mata kwalbar, na faɗa mata komai, har maganar Gwaggo. Ta ɗaga kwalbar a haske, sai ta fashe da dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce, "Mai ƙwai, shekara nawa kana tsaye a bakin ƙofa, ba ka taɓa leƙa ɗakin da ake aikin ba?" Amma da na ambaci hannun yarinyar sai dariyar ta ɗauke, ta ajiye jakarta, ta ce yau rigakafi zai jira.

Ta ce babu kazar da ta taɓa tono a bola ba tare da ta fara da wannan ƙafar ba. Duk ɗan tsako haka yake a kwana na bakwai. Na ce ban yarda ba sai na gani. Ta ce daman haka take so.

Ta zaɓi ƙwai mai kwana uku, ta yanke ɗan ɓawo da ƙaramin almakashi, ta yi masa taga kamar faɗin farce, ta ba ni gilashin ƙara girma. Maman Mutuniya, ban san yadda zan rubuta miki wannan ba. Babu gashi, babu baki, babu ƙafa, wani ɗan zare ne kawai a lanƙwashe a kan gwaiduwa. A tsakiyarsa ga wani ɗigo ja yana bugawa, bal, bal, bal. Zuciya ce. Ba a gama yin mai ita ba, ta riga ta kama aiki. Na tuna dubban ƙwan da na ɗauka ina hira, ina waya, ina tsaki, ashe kowanne da wannan a cikinsa.

Daga nan ta ɗauke ni a motarta zuwa ofishinta, inda take da madubin nan na ganin abin da ido ba ya gani. Ta sa wani ɗan gilashi da ta ajiye tun tana makaranta, mai ɗauke da siririn yankin jikin ɗan tsako da aka rina. Da farko gashin idona kawai nake gani, tana ta ce mini in daina runtse ɗaya idon kamar mai harbi. Can sai abin ya fito: ƙananan ɗakuna jere, manne da juna kamar saƙar zuma, ba su ƙirguwa. Ta ce su ne ƙwayoyin halitta, da su aka gina kaza, da su aka gina ni da ke. Na daɗe ina kallo, sai na lura da wata da ta bambanta, ƙugunta ya tsuke, wasu baƙaƙen zare sun rabu gida biyu, rabi ya yi nan rabi ya yi can. Na ce wannan kamar ta lalace. Likita ta leƙa, ta ce ɗalibai kan yi rabin awa ba su gano irinta ba. Ba lalacewa ta yi ba, rabuwa take, ɗaya za ta zama biyu. Haka aka fara tun farko, ɗaya ta zama biyu, biyu huɗu, har aka samu mai cara da asuba.

Na tambaye ta, in duk daga guda ɗaya suka fito, wa ya gaya wa wannan ta zama ido, waccan ta zama ƙashi? Ta ce baƙaƙen zaren nan rubutu ne, littafi guda, kuma kafin ƙwaya ta rabu sai an kwafe shi kaf, kowacce ta tafi da nata cikakke. Amma ba mai karanta shi duka. Kowacce tana buɗe shafin da ya dace da wurin da ta tsinci kanta, da saƙon da maƙwabtanta suka turo mata. Sauran shafukan a rufe suke.

Ga inda nake so ki kai. Ƙafa da hannu ba a yin su yatsa-yatsa. Sai an yi su a dunƙule kamar ɗan faifai, sannan ƙwayoyin da ke tsakanin yatsu su buɗe shafin da ya ce musu aikinku ya ƙare, ku kauce. Sai su mutu, da kansu, a kan lokaci, don yatsu su samu hanya. A jikin agwagwa akwai wani saƙon da ke cewa ku dakata, shi ya sa nata tantanin ke zama. Mutum ma haka ne, in ji ta, ana wannan aikin ne kafin ciki ya cika wata biyu.

Da na dawo gida na wuce kai tsaye bangon ɗakin inji, inda nake rubuta ranar zuwan kowane tsuntsu. Na ƙirga da yatsa sau uku. Ranar da na kawo agwagin nan, cikinki wata biyar ne. Kin tuna, ke kika ce tafiyarku ta zama iri ɗaya da su. An gama hannun Mutuniyar da wata uku kafin ki taɓa ganinsu.

Na kuma yi wani lissafin. Tsakanin yatsun mutum, hannu da ƙafa, akwai ƙofa goma sha shida. A jikin Mutuniyar an buɗe goma sha biyar, a cikin duhu, ke ba ki sani ba, ni ban sani ba. Ɗaya ce kawai saƙon bai kammala ba. Likita ta ce ita ta dabbobi ce, kada mu tsaya a bakinta, mu kai Mutuniyar wurin likitan yara. Amma ta ce aiki ne da suka saba, sukan raba in yaro ya ɗan yi ƙwari.

Mun buɗe taga a wani ƙwan mai kwana shida, mun rufe da salatef. Zan dinga leƙawa kullum.

Ki gaishe da kowa, har da Gwaggo.

Mijinki

*

Maman Mutuniyata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da 'yar rigimata. Amsarki ta iso, kuma na ji kunya da na ga Baba ne da kansa ya rufe shagon ɗinkinsa ya kawo ta.

Kin ce tausayinki ne ya sa na shirya zance, kuma kin san ni, in ina son kwantar miki da hankali har dutse zan ce ya yi magana. Ban ji haushi ba. Ni ma sai da na gani.

Kwana huɗu ina leƙa tagar nan kowace safiya. Abin yana son haƙuri, don ɗan tsakon ba ya nuna ƙafa sai ya ga dama. Yana lilo a cikin ruwansa, sai ka riƙe tocila har hannunka ya sage kafin ya juyo, kuma ba a daɗewa da shi a waje kada ya sha sanyi. Ranar farko faifai ne. Washegari gefen ya fara shiga ciki tsakanin yatsu, kamar an ɗan gutsura. Rana ta uku tantanin ya yi sirara har haske na ratsa shi. Yau da safe, kwanansa goma, Baba ya iso ina shirin buɗe inji.

Bai ce komai ba game da wasiƙun. Ya ce dai a nuna masa wannan abin da ya hana 'yarsa barci. Na jera masa uku a kan tawul mai ɗumi: wani sabo mai kwana bakwai da na buɗe wa taga, da namu mai kwana goma, da ƙwan agwagwa, shi ma da tagarsa. Ya ɗora gilashin a kan tabaransa. Mai kwana bakwai ya nuna faifansa. Na agwagwa ya nuna nasa, tantani cikakke. Namu kuwa ya ƙi juyowa. Direba, da ya zo ɗaukar 'yan tsaki, ya ce wannan da gani ɗan gidan nan ne, taurin kai har cikin ɓawo. Likita ta shigo ta same mu mu uku a sunkuye kamar masu neman allura.

Sai ya juyo. Ya miƙa ƙafar, ya buɗe yatsun, kowanne shi kaɗai, sirara kamar zaren ɗinki, har da ɗan tsinin farce. Ya dunƙule su, ya sake buɗewa. Babu tantani ko kaɗan. Ba wanda ya sa wuƙa, ba wanda ya taɓa shi.

Baba ya ajiye gilashin. Ya ɗaga hannunsa na dama a hasken ƙofa, ya buɗe yatsunsa, yana kallonsu kamar yau aka ba shi su. Na ga leɓensa na motsi da tasbihi. Can ya ce shi wannan ya san shi: aljihun sabuwar kwat a ɗinke yake fitowa, sai an gama komai ake farke zaren, kuma wanda aka manta ba a farke ba, ba a cewa rigar ta ɓaci. Sai ya ce ashe ƙanwarsa Gwaggo ma da hannun agwagwa ta fara, bakin ne kawai aka buɗe mata da wuri. Direba ya yi dariya har ya ƙware. Kada ki gaya wa Gwaggo ni na faɗa miki.

Da zan raka shi, ya gaya mini abin da ba ki rubuta ba. Ya ce shekaranjiya ya wuce ƙofar ɗakinki ya gan ki kin cire mata safar, kin ɗora ƙafafunta a cinyarki, kina ƙirga tsakanin yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Nawa kika samu?

Ki bar safar a cire. Ki bar hannun ya sha iska, ya kama gashinki, ya kama hancina. Na je asibitin yara, sun ba mu ranar Laraba ta sama. Direba zai biyo ta wurinku ranar Litinin ta sama, na sa ya share kujerar gaba. Ki dawo gida. Ɗan tsakon nan saura kwana goma sha ɗaya ya fito, in Allah ya raya shi, ina so ku gan shi yana taka ƙasa.

Ki gaishe da Inna, ki ce na gode da ɗawainiya.

In har yanzu kina ganin tausayi ne ke magana, to ba ni kaɗai na gani ba. Likita ta gani, amma za ki ce aikinta ne. Direba ya gani, amma za ki ce abokina ne. Na ukun shi ne wanda ya miƙo miki wannan takardar, kuma kin san bai taɓa yi miki ƙarya ba ko don ki daina kuka. Yana nan tsaye a gabanki. Ɗaga kai ki tambaye shi.

Mijinki, Baban Mutuniyar