Sunan Ɗana da Ban Faɗa Muku Ba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar 'yan ƙasarmu mazauna Riyad,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. A wajenmu, 'yata Hadiza lafiya lau, jaririnta ya fara zama. Maigidana yana kwance a Maraɗi, hawan jini ya kayar da shi tun da labarin ya isa. Ni ina tsaye. Ɗana na fari ne ban san ɓangaren da zan sa shi ba.

Na ɗaya. Wata huɗu ke nan da ya fita aikin sito a Birnin Masana'antu na Biyu, bai dawo ba. Sau uku ina barin gidan da nake aiki in zo ofishinku a unguwar Dira. Kowane zuwa sakatarenku ya ce an duba asibitoci da gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, babu mai wannan suna.

Na biyu. A zuwa na uku ya ba ni wani littafi da ɗalibai suka fassara, wai in rage tunani, tunda na koyi karatu da girmana. Labarin Bulgariya ne a zamanin kwaminisanci. Sati biyar ina bin layi da yatsa. Hukuma ta tilasta wa Musulmin can sauya suna. Wata uwa ta shekara ashirin tana neman ɗanta, ana ce mata babu shi a rajista. Ashe yana kwance a kabari bayan wurin fasa dutse, da sunan da ba ta sani ba. Nan na tuna da zuwana na farko ofishinku.

Na uku. Ranar da sakatare ya tambaye ni sunan ɗana, Babangida na ce. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci, ban taɓa furta shi ba. Sakatarenku Bahaushe ne, ya san alkunya. Bai tambayi sunan da ke kan iƙama, wato katin zamansa, ba, ya rubuta ya sallame ni. Na ɗauki nawa laifin, amma wata huɗu kuna neman mutumin da babu shi a takarda.

Roƙona a sake dubawa, har ɗakin ajiye gawa. A ba ni amsa kafin ranar farko ta azumi, domin ranar kafilina, wanda nake aiki a ƙarƙashinsa, zai sa ni jirgi zuwa gida. Allah ya ƙara maka lafiya, kada ya nuna maka wannan a kan naka.

Bakina ya kasa, ga hannuna: Isiyaku Mamman.

Wassalam.
Mahaifiyarsa, Rabi