Riguna Goma Sha Biyu Masu Ganyen Kwakwa

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara, da Inna da gwiwarta. Mun sauka lafiya, alhamdu lillahi, sai dai kaina ne bai gama sauka ba. A takardar otal nake rubuta miki, in ɗauki hotonta in turo, don in na kira ki Baba yana kusa, kuma kin san idonsa ne ya tsufa, kunnensa ras yake.

Mu ba baƙin zafi ba ne, amma na nan jiƙaƙƙe ne. Ana buɗe ƙofar jirgi na ji kamar an lulluɓe ni da tsumman guga mai tururi. Ga rana tarwai, ga ruwan sama yana zuba. Sakataren ƙungiyarmu ta maɗinka ya tura agogonsa gaba, ni na ja nawa baya, har yanzu ba mu daidaita kan ko lokacin azahar ya yi ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a ƙofar otal ya faru. Mun sauko daga mota mu goma sha biyu, reras, cikin rigunan nan da na ɗinka mana, shuɗi mai ganyen kwakwa. Mai yi mana jagora ya tattara fasfo ya shige ciki. Ba mu ankara ba wata mata ta danƙa wa Sakatare akwatinta ta yi gaba. Wani ƙato ya ɗora mini jiƙaƙƙen tawul a kafaɗa ko kallona bai yi ba. Baba kuwa jaka aka miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu, ya bi mai ita har hawa na uku. Da ya dawo yana haki ya ce mutanen ƙasar nan ba su da girman kai, baƙo ma ɗan gida suke ɗaukarsa. Ni dai ban gane ba, ban kuma ajiye tawul ɗin ba sai a ɗaki.

Maganar da kuka ɗora mini ke da Yaya ban manta ba: in gaya wa Baba likita ya ce idonsa ya gama da ɗinki, kuma kafin mu dawo za a kwashe kekensa daga shago. Kun ce daga bakina zai fi karɓa. Mutumin da ya koya mini riƙe almakashi, ya kuma ba ni 'yarsa! A jirgi na buɗe baki sau biyu, duka biyun sai na tambaye shi ko zai sha ruwa. Wallahi tsoro nake ji.

Ki gaishe da kowa.

Mijinki,
Mai Almakashi

*

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya zazzaɓin auta? Na ga saƙonki, kuma a'a, ban faɗa ba tukuna. Ki bar ni in fara da abin kunyar da na jawo.

Jiya da safe muka sauko karin kumallo, sai na ga wani saurayi yana goge tebur sanye da rigata. Na waiga, ga wani da tire, shi ma rigata. Mai shara, mai jan akwati, mai raba tawul a bakin ruwa, duk shuɗi mai ganyen kwakwa. Ashe kayan ma'aikatan otal na ɗinka mana! Kin tuna mai yadin ya rantse mini cewa irinsa ake sawa a bakin teku? To bai yi ƙarya ba. Abin da zan iya cewa kawai, namu ya fi nasu zama a kafaɗa, nasu duk hammata a yage.

Sakatare da ya gane ya kusa cinye ni ɗanye, don shi har kofi ya kai wa matar nan, yana zaton wani abu ne. Na roƙi kowa ya canza kaya, kada kuma wanda ya gaya wa Baba dalili. Shi na ce masa wanki za a kai. Ya ƙi cirewa. Ya ce tunda nake yanka ban taɓa fitar da wuya mai kyau irin wannan ba, shi da ita zai yi hutunsa. Shekara ashirin da biyu ina jiran ya yabi aikina, sai a kan wannan rigar!

Yanzu aikina bin sa a baya. Duk wanda ya nufo shi da kofi ko tawul sai in tare in karɓe. Rabin baƙin otal sun ɗauka ni ne shugaban ma'aikata, wani har ƙara ya kawo mini a kan fanka, da yaren da ban ji ko kalma ɗaya ba, na kuma ba shi haƙuri.

Da yamma na kai Baba bakin teku, na ce yau sai na faɗa. Ga jiragen ruwa farare sun fi goma a gabanmu. Ya daɗe yana kallo, sai ya tambaye ni wa ya shanya zannuwa a can. Na ce ban sani ba. Muka tashi muka dawo.

Ki yi mini addu'a.

Naki,
Mai Almakashi

*

Uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Kada hankalinki ya tashi, Baba lafiyarsa ƙalau. Ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki kira kowa.

Yau da safe za a kai mu wani tsibiri. Na hau ɗauko hula, na sauko babu Baba. Motar ta gaji da jira ta tafi ta bar ni. Na duba ɗakin cin abinci, na duba bakin ruwa, na hau lifta na sauka har mai gadinta ya fara tausaya mini. Duk wanda na nuna wa hoton Baba sai ya ga rigar, ya nuna mini wata ƙaramar ƙofa a bayan kicin. Sai a na huɗu na yarda na shiga.

Ɗakin wanki ne a ƙasa, injuna na ta ruri. Ashe wani ma'aikaci ne ya ga tsoho cikin kayan aiki yana lalube a farfajiya, ya kama hannunsa ya kawo shi wurin 'yan'uwansa. A lungu akwai keken ɗinki da tulin rigunan nan masu yagaggiyar hammata. Baba yana zaune a kan keken, zare a hannu, hancinsa ya kusa taɓa allura. Matar da ke kula da ɗakin ta nuna mini agogo, ta zagaya rabinsa da yatsa, wato rabin awa ke nan yana fama da sa zaren, ta girgiza kai.

Bai waigo ba, amma ya san takuna. Ya miƙo mini zaren ya ce in sa masa. Tunda nake da shi bai taɓa ba. Na sa masa. Ya taka keken ya ja layi ɗaya, ya bi shi da babban yatsa daga farko har ƙarshe. Ya karkace, ni ma daga tsaye na gani. Ya miƙo mini rigar ya ce in warware.

Ina warwarewa yake gaya mini tun ranar farko ya san kayan ma'aikata ne a jikinmu, don ya shafa hannun rigar yaron da ya buɗe mana ƙofa. Ya ce jakar nan da ya kai hawa na uku ita ce aiki na farko da wani ya ba shi da gaske cikin shekara guda. Ya san muna ɓoye yadin mutane mu ba shi ƙyallaye, ya san ni nake sake ɗinkin bayan ya tafi masallaci. Ya kuma san ba a kai tsohon tela bakin teku haka kawai. Kuka na yi a gaban matar mutane, ita kuma ta miƙo mini tawul.

Abu ɗaya ya roƙa. Ya ce ya yarda ya bari, amma kada a ɗauke kekensa a bayan idonsa kamar na mamaci. Shi zai shafa masa mai, ya rufe shi da hannunsa.

Don Allah, kina gama karantawa ki je wurin Yaya da ƙafarki. In ba a taɓa keken ba, a bar shi. In an riga an kwashe, a mayar kafin Asabar, a daidai inda yake, gefen taga, ƙafafunsa a kan shaidarsu da ke ƙasa. Kada ya kauce ko da faɗin yatsa. Ba zai gani ba, amma yana zama zai sani.

Mijinki mai kewarki,
Mai Almakashi