Harafi Ɗaya Na Danna, Sunayen Suka Tafi

Assalamu alaikum, mai kula da shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a zage ni, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

A Gombe nake. Da mutanen Borno da Yobe suka fara kwararowa garin nan, muka buɗe ɗan ofishin sa-kai a Kagarawal, inda duk wanda ya rabu da nasa wajen gudu yake zuwa ya ba da suna. Ba ma ajiye takarda, kowa ya san abin da jerin sunaye zai jawo in ya faɗa hannun da bai dace ba. Komai yana cikin tsohuwar kwamfuta ɗaya mai aiki da tsarin Linux. Obinna, wani mai gyaran kwamfuta haifaffen unguwar Kumbiya-Kumbiya, shi ya rubuta mana manhajar da ke gwada sunayenmu da waɗanda direbobi ke kawowa a filash daga wasu garuruwa, a kwafe a goge filash ɗin nan take. Da tsohon Python, wani yaren kwamfuta, ya rubuta ta. Bayan tashin bam a tasha iyayensa suka matsa ya koma kudu. Ranar tafiyarsa ya ce mini, "Abokina, Python ɗin nan ka bar shi yadda yake. System ɗin gaba ɗaya a kansa yake tsaye." Na ce to, a raina kuwa ina cewa wanda bai taka poli ba ne zai koya mini aiki?

Wata safiya manhajar ta fitar da suna: Yagana, 'yar Inna Falmata, wata dattijuwa da ke shigo mota daga Kwadon duk mako ta zo ta tambaya. An rubuta yarinyar da ranta a wani sansani, har da lambar matar da take hannunta. Na ce bari Inna ta iso da rana in nuna mata da idonta, ban ko kwafi lambar ba. Sai iyayi ya kama ni, na ce kafin nan bari in ɗora sabon Python, in mai da shi wanda na'urar ke aiki da shi, in cire tsohon. Allon ya jero mini abubuwan da za su tafi tare da shi, layi kan layi, ya tambaya ko na yarda. Wa ya karanta? Na danna Y, wato na yarda. Ina kashewa na kunna, sai baƙin allo. Ko a nan da na kira Obinna, sunayen suna nan lafiya, amma da wane baki? Na ɗauko filash zan sake ɗora Linux, na zaɓi hanyar da ke share komai.

Da shugabanmu ya zo na ce wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona abin da ke ciki. Ya ce, "Ƙaddara ce, kada ka sa wa ranka damuwa." Wallahi da ya mare ni ya fi mini sauƙi. Inna ta iso da rana, na dubi idonta na ce babu labari tukuna. Daga baya na kira Obinna, na ce wani ne ya yi haka a tasa na'urar. Ya ce tunda an ci gaba da aiki a kai, abin da aka goge ba zai dawo ba, sai dai haƙuri.

Wata biyar ke nan. Mun soma tara sunaye daga farko, amma sunan Yagana bai sake fitowa ba, ni kuma na kasa tuna ko sansanin wajen Yola yake ko wajen Bauchi. Wani lokacin har ina shakkar ko na gan shi ma.

Jiya Inna ta zo yi mini sallama. Ranar Asabar za ta koma ƙauyensu, can inda ko sojoji ba sa kwana. Ta ce, "Ɗana, tunda na'urarku ba ta gan ta ba, wataƙila tana gida tana jira na. Ka yafe mini wahalar da na ba ka."

In na yi shiru, ni na tura ta. In na faɗa, ba gari ba lamba a hannuna, kuma sauran iyalan za su san wanda ya goge musu 'ya'ya. Saura kwana biyu. Jama'a, ni me zan yi?